Kafin a Cinna wa Littattafan Yara Wuta

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, tun daga Riruwai da Doguwa har Tudun Wada da Kwanar Dangora, wai littattafan Hausa ne suka lalata 'ya'ya mata. Yarinya ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, a ce littafi ne. Ta yi wa uwarta tsiwa, littafi ne. Aure ya mutu wata uku da tarewa, sai ka ji ana cewa ai dama tun tana gaban iyayenta ba ta da aiki sai karatun soyayya. Daga nan sai hukunci ya biyo baya. A zazzage akwati, a ɗaga katifa, duk abin da aka samu mai hoton mace a bango a watsa shi a murhu. Na gaji da jin wannan magana. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, in ka tsare mai faɗarta ka ce ya gaya maka littafi ɗaya da ya karanta, sai ya hau kame-kame. Wani tsakiya ya buɗe, ya ga saurayi na yi wa budurwa kalamai, ya rufe yana a'uziyya. Wani kuma a bakin wani ya ji, shi ma wancan a wa'azin ranar kasuwa ya tsinta.

Ni ba malamin adabi ba ne. Karatun nishaɗi nake yi, in an taso daga aiki ko in dare ya yi barci ya ƙi zuwa. Na karanta da dama har ƙarshe, na kuma ajiye da dama tun ban kai rabi ba, wasu don haushi, wasu don kunya. Saboda haka ba zan ce muku duk littafin Hausa alheri ba ne. Abin da nake cewa shi ne yi musu kuɗin goro zalunci ne, kuma wutar da muke cinna musu tana jawo mana ɓarnar da ta fi wadda muke gudu.

Littattafan da ake nufi dai su ne ƙagaggun labaran nan 'yan sirara da ake bugawa a Kano kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, da kuma 'yan uwansu da yanzu suka koma cikin waya. Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kansu. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya soke su, ya kira su Adabin Kasuwar Kano, su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu a shafukan jaridu. Wannan muhawarar ta jami'a ce, mu bar musu abinsu.

Masu wannan zargi suna magana kamar soyayya baƙuwa ce da marubutan zamani suka shigo da ita cikin rubutun Hausa, alhali tana nan tun ranar farko. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. To, mene ne a cikin Jiki Magayi? Saurayi ne mai suna Abubakar yake son Zainabu, wani mai dukiya ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, asirin ya kama ɗan da aka haifa a wannan aure, ya zama ɓarawo, har ta kai shi ga kashe ubansa ba da saninsa ba. So da kuɗi da ƙwacen budurwa da boka da kisan kai, duk a littafi ɗaya, kuma shekara da shekaru ana karantar da shi a makarantu ba wanda ya ce a ƙona. Ruwan Bagaja kuwa, wanda dattawanmu ke yabo, kusan rabinsa damfara ce da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Mun karanta mun yi dariya, ba mu zama 'yan damfara ba, don kuwa ko yaro ya san bambancin labari da umarni.

A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya (ba na man fetur ba) ya fitar da littattafan da suka ci wata gasa tasa. A ciki akwai Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Sunayen kawai sun isa su gaya maka a kan me suke magana. Abin da ya canja daga baya shi ne yawan masu karatu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tura yara makaranta, a 1980 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano. Jama'a suka iya karatun boko da harshensu, suka waiga ba abin karantawa, sai wasu daga cikinsu suka ɗauki alƙalami suka rubuta da kansu, suka biya maɗaba'a daga aljihunsu. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama daga irin waɗannan mutane ta fito. 'Ya'yan talakawa ne da matan aure, suna rubuta abin da suke gani a gidajensu da na maƙwabta.

Ina roƙon masu zargi su zauna su karanta ko biyu daga cikin waɗannan littattafai har ƙarshe. Ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ne, yarinyar da aka cire daga makaranta, ɗan uwanta da aka yi musu alkawari ya ce ba zai auri jahila ba, ubanta ya aurar da ita ga dattijo sa'ansa. Ta gudu Kano wajen gwaggonta, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Ita kanta marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. Wace lalata ce a nan? Wanda wannan littafi zai ɓata wa rai shi ne uban da ya ga kansa a ciki. Haka Alhaki Kuykuyo Ne, nata dai. Rabi ce da 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya auro mace mai zaman kanta, ya kori uwar 'ya'yansa, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta, shi kuma duniya ta juya masa baya har kantinsa ya ƙone. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassararsa da Turanci, mutanen wata nahiya suna karanta shi don su san mu. Mu kuma nan muna cusa shi a murhu.

Wanda ya fi shan suka shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991. Har gobe za ka ji dattijo yana cewa ai shi ne littafin da ya koya wa 'yan mata faɗawa rijiya. Gaskiya ne Sumayya, 'yar masu kuɗi da ke son talaka Muhammad, ta faɗa rijiya lokacin da aka matsa mata ta auri Abdulƙadir. Amma masu wannan magana a bakin rijiyar suka tsaya, ba su bi labarin gaba ba. Ba su ga yadda aka ceto ta ba, ba su ga halin da iyayenta suka shiga ba, ba su lura cewa littafin da manya yake magana ba, masu fifita dukiya a kan hali. Kuma tsakani da Allah, kafin 1991 ba a taɓa jin yarinya ta faɗa rijiya ko ta shiga duniya saboda auren dole ba? Kakanninmu mata suna da labarai irin wannan da ba su ƙirguwa, ba su kuwa san ko baƙi ɗaya na boko ba. Marubucin ya tarar da abin ne ana yi, ya ɗauka ya rubuta. Wannan mutumin da ake zagi a majalisa, a 2014 gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa.

Mu dubi kanmu ma a nan. Ka shiga ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore ko bayan duwatsun Riruwai, ka ƙirga auren da ke mutuwa da 'yan matan da ake kuka da tarbiyyarsu. Da yawa daga cikinsu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Tun safe suna bakin titin Kano zuwa Jos da farantin talla, direbobi na ja musu mayafi. Wane littafi ne ya lalata wadda ba ta iya karatu ba? Talla da talauci da rashin makaranta da iyayen da ba sa zama da 'ya'yansu, waɗannan kowa ya san su, sai dai ba a iya jefa su a wuta, shi ya sa ake huce haushi a kan takarda.

Ƙonawar ma ai an gwada ta, kuma hukuma ce ta gwada. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, an tara littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta aka ƙone a bainar jama'a. Bayan nan aka nemi marubuta su yi rajista, su riƙa kai rubutunsu a duba kafin bugawa. Ban ce masu wannan aiki ba su da kyakkyawar niyya ba. Amma yau ina aka kwana? Takarda ta yi tsada, waya ta yi araha, rubutun ya tattara ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, inda babu mai tacewa, babu maɗaba'ar da za ta ce wannan shafin ba zan buga ba, babu mai kanti da zai ji kunyar ajiye shi a kan tebur. Littafin takarda ko ba komai yana da bango, yana da sunan marubuci, uwa na iya ganinsa a hannun 'yarta. Na cikin waya kuwa sai wanda ya san lambar buɗe ta.

Na ga wannan da idona a gidan wani yayana, can wajen Tagwaye. Da kaka ne, ana ta ɓarar masara a tsakar gida. Ya dawo daga masallaci da zafinsa, ya sa aka fito da jakar 'yarsa, ya juye littattafan cikin wutar da aka hura don dafa wa masu aiki abinci. Bangon nan mai sheƙi yana nannaɗewa, yana fitar da wani koren harshen wuta mai wari. Yarinyar na tsaye jikin ƙofar madafi, ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. Na sa kara na jawo wani da bai gama ci ba, sai ga Magana Jari Ce na biyu, da hatimin makaranta a shafin farko.

Na ce, "Yaya, wannan fa na Abubakar Imam ne, wanda aka karanta mana a firamare. Na makaranta ne ma, aro aka ba ta."

Ya ce, "To me ya kai shi cikin na banza?"

Na ce, "Sauran ka duba su?"

Ya ce shi ba shi da lokacin karanta shirme.

Da na koma bayan an kwana biyu, na tambaye ta ko ta daina karatu. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, a wayar Inna nake yi, in kowa ya yi barci." An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da, ubanta na iya ɗaga littafi ya ga sunansa. Yanzu daga shi har uwarta, babu wanda ya san abin da take karantawa cikin bargo, ko su wa ke cikin zauren WhatsApp ɗin da ake turo mata shi.

Kada wani ya ɗauka ina wanke kowa ne. Akwai rubutun banza, yana da yawa, kuma cikin waya ya fi yawa. Kwanan baya na fara wani na ajiye. Tauraron labarin saurayi ne da bai kai talatin ba, likita ne, matuƙin jirgi ne, yana da kamfanoni a Dubai, ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa. Tauraruwar kuma 'yar Fulani ce mai tallar nono, gashinta har gadon baya. Shafi bayan shafi ana lissafa motocin gidansu da kalar labule da abin da aka jera a teburin cin abinci, rabin zancen da Turancin da ita marubuciyar ma bai zauna mata ba. Na yi ta jira labari ya fara, bai fara ba. Wani kuma ya ɗauko zance mai kyau a kan marainiya a hannun matar uba, sai da ya kai ango da amarya bakin ƙofar ɗaki aka ce shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya tura naira 500 ko katin waya. Ka san abin da ake sayarwa a nan, ba labarin marainiya ba ne. Na rufe.

Amma wanda ya fi tayar min da hankali babu kalmar batsa ko ɗaya a cikinsa, kuma na tabbata da zai tsallake hannun yayana lafiya lau. Miji ne yake wulaƙanta matarsa, ya mare ta, ya kulle ta a ɗaki, ya hana ta zuwa ganin uwarta, ita kuma tana ta haƙuri da ado da girki, har wata rana ya narke ya zama bawanta. An rubuta marin kamar wata alamar so. Irin wannan shi ne guba, domin yana koya wa yarinya cewa mai dukanta gobe zai so ta in ta ƙara ƙoƙari, yana kuma koya mata raina saurayin da ke noman masara da rake a garinsu, ta zauna jiran mai jirgi. Wuta ba ta iya bambance wannan da Wa Zai Auri Jahila? Mai karatu ne kaɗai zai iya, kuma ba ya iyawa sai ya karanta masu kyau da yawa har bakinsa ya san ɗanɗano. Manomin da ya tsinci masara mai tsutsa cire ta yake yi ya yar, ba ya cinna wa rumbu wuta.

Akwai kuma wata riba da ba a lissafawa. Yarinya da yawa a wannan yanki ta fita firamare tana haɗa baƙi da ƙyar. Waɗannan littattafan ne suka saki harshenta, don tana son ta ji yadda za ta kaya. Wadda ta saba da karatu haka ita ce gobe za ta karanta takardar asibiti, ta duba aikin makarantar ɗanta, ta buɗe fassarar Ahalari ko Iziyya, ta karanta tarjamar Alƙur'ani ta Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ba tare da ta nemi mai karanta mata ba. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, abin kunya ne a ce mace riƙe da littafi ita ce abin tsoro.

To, me ya kamata a yi? Uba ko uwa, in ka ga littafi a hannun 'yarka, karɓa ka karanta, kuma ka kai ƙarshe kafin ka yi magana. Yawancinsu ba su da kauri, dare biyu ya ishe ka. In ba ka iya karatun boko ba, akwai dabarar da ta fi wannan sauƙi. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma, a ce ta karanta wa gida a bayyane, kowa na ji. In littafin kirki ne, kun sami hira, ƙannenta sun ƙaru, kai ma ka ji daɗi. In kuwa ka ji tana inda-inda, tana tsallake layi, tana cewa wannan wurin ba daɗi, to ka gane, ita ma ta gane ka gane, ba sai an kai ga duka ba. Daga nan ita da kanta za ta fara zaɓen wanda za ta iya karantawa a gabanka. Kuma in an gama a tattauna. Ka tambaye ta, ke da ke ce Abu me za ki yi? Wannan Alhajin ya kyauta? A irin wannan hira za ka ji abin da ke cikin 'yarka wanda shekara goma ba za ta faɗa maka kai tsaye ba.

Game da waya, ƙwacewa ba ta magani, don za ta ara a maƙwabta. Uwa ko babbar yaya ta shiga zaurukan da yarinyar take ciki, ta san su wa ke rubutun. Marubuciyar da ke sa cikakken sunanta, wadda aka san garinsu da danginta, tana taka-tsantsan. A yi hattara da mai ɓoye suna, da mai rubuta cewa littafinta na matan aure ne kawai alhali duk wanda ya tura kuɗi za a sa shi, da zauren da ake cakuɗa labari da tallar maganin mata. Kuɗin katin da yarinya ke turawa, a san inda take samunsa. Kuma a yanka wa karatun lokaci, bayan aikin gida da na makaranta da na Islamiyya. Waya ta kwana a ɗakin uwa.

Ku kuma 'yan mata da samari masu karatu, ku koyi ajiye littafi. Ba bashi ba ne, ba wanda zai kama ku don ba ku gama ba. In kun ci babi biyu ko uku ba abin da ya faru sai kwatancen mota da leshi, ku ajiye. In kun lura duk inda labarin ya dosa gado yake nufa, ku ajiye, kada kuma ku tura wa wani, don alhakin duk wanda ya karanta ta hanyarku yana wuyanku. In boka ne ke cin nasara daga farko har ƙarshe, ko an mayar da cin zarafin mace abin sha'awa, ku ajiye ko da kun biya kuɗi. Kuɗin sun riga sun tafi, kada ku bi su da lokacinku. Sai dai ku bambance littafin da ba komai a cikinsa da wanda yake da nauyi. Shaihu Umar a hankali yake tafiya, Hausarsa ta dattawa ce, mai gaggawa zai iya jefar da shi tun farko, ya rasa labarin uwar da ta ratsa hamada tana neman ɗanta da aka sace, wanda yana cikin abin da ya fi taɓa zuciya a rubutun Hausa. Irin wannan a ba shi haƙuri, kalmar da ta shige muku duhu ku tambayi kaka, za ta ji daɗin an tambaye ta. Haka 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya shiga rayuwar mata masu zaman kansu. Wanda ya leƙa tsakiyarsa zai iya cewa a ƙona, wanda ya kai ƙarshe zai fita jikinsa a sanyaye. Shi dai ba na ƙananan yara ba ne, kuma sanin wane littafi ya dace da waɗanne shekaru aikin manya ne, wanda ba za su iya ba in ba su karanta ba.

Yara maza ma a tuna da su, don duk wannan rigima a kan mata ake yinta, su kuwa an bar su da kallon ƙwallo da zaman shagon caji. A ba su Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, a ba su Ganɗoki, a ba su littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. In kuma aka ga yarinya na cika littafin rubutu da labaran da ta ƙaga, kada a yaga. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata, ana karanta waɗanda suka yi fice duniya na ji. Ba a rubuta cewa sai 'yar birni za ta ci ba.

Malamanmu masu wa'azi, Allah ya ƙara muku lafiya, muna roƙon ku riƙa faɗin abin da kuka tabbatar. Addini ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, yana nan a Suratul Hujurati, ku kuka karantar da mu. In akwai littafin da kuka karanta kuka ga ɓarna, ku ambace shi, ku faɗi ɓarnar, iyaye su san abin da za su nema. Amma in kuka ce duk littafin Hausa haramun ne, uba zai koma gida ya ƙone har da na makaranta, marubutan da suka tsare mutuncinsu kuma kun ɗauki haƙƙinsu.

Saura batun inda za a sami na kirkin, don mai hana mummuna dole ya kawo madadinsa. Mu nan sai mun ratsa Falgore mun yi tafiyar sa'o'i kafin mu ga kantin littattafai sosai. Amma kullum motoci na zuwa Kano, kuma masu sayar da littattafai na nan a kasuwar Sabon Gari. Gida biyar ko shida su haɗa kuɗi kamar yadda ake adashe, a rubuta sunayen littattafan a takarda, a ba direba ko ɗan kasuwar da aka amince da shi. A fara da Magana Jari Ce duka ukun, da Ruwan Bagaja, da na Balaraba, da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, a riƙa ƙarawa duk kaka in an sayar da amfanin gona. A damƙa su hannun mutum ɗaya, malamar Islamiyya ko wani malamin firamare mai amana, ya sami littafin rubutu yana sa sunan wanda ya ara da ranar da zai dawo da shi. Mai ara ya ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don a sayi wani in wannan ya yage. A naɗe bangon da takardar buhun siminti ko tsohuwar kalanda tun yana sabo. Daminarmu tana da ƙarfi, gara kuma ba ta raina takarda, saboda haka kada a ajiye su a kwali ko a jingine da bangon ƙasa. A sa su cikin akwatin ƙarfe ko bokitin roba mai murfi, a ɗora a kan benci, a riƙa fito da su ana shanyawa in rana ta buɗe.